Darasin Uwargida: Gubar Dalma da Irin Tumatir

Idan kina cikin masu renon irin tumatir a tsohuwar roba ko a bayan ɗaki kafin maigida ya kai lambu ya dasa, to darasin nan naki ne.

Akwai ƙarafa masu guba da kan ɓuya a cikin ƙasa, kamar dalma da kadmiyam. Ba su da wari, ba sa ruɓewa. Iri ƙarami shi ya fi jin jiki. Za ki ga ya yi jinkirin tsirowa, in ya fito kuma ya tsumbure. Ki cire guda ɗaya ki duba saiwarsa: maimakon fara tas mai gashi-gashi, sai ki tarar da ita gajera, ta yi duhu. Saiwa kuwa ita ce bakin shuka. Kadmiyam yana hana ta ɗaukar sinadarin ƙarfen da ganye ke bukata, shi ya sa sabon ganye ke fitowa ɗorawa-ɗorawa. Sai a ce ai yunwar taki ce, a ƙara zuba na zamani, a yi asarar kuɗi a banza.

Daga ina gubar take? Duwatsun Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, suna ɗauke da dalma da tutiya, don haka ƙasar bakin rami ba ta renon iri ba ce. Amma mu da ke Bebeji, Kiru da Tudun Wada, abin da ya fi kusa da mu shi ne juji. Matattun batura, ɓawon tsohon fenti, tokar sharar da aka ƙone, duk a ciki suke, a kwaso a ce taki ne. Haba 'yar'uwa! Ki nemi kashin shanu da ya ruɓe, ki haɗa da ƙasar gona mai nisa da titi.

Yawancin dalmar a saiwa take tsayawa, kaɗan ke kaiwa ga 'ya'yan. Haɗarin ya fi yawa a ƙurar da ke manne wa tumatirin da hannun yara. A Zamfara a 2010, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Tafasa miya ba ta kashe dalma, sai dai ki wanke tumatirin sosai kafin a kai markaɗe. Ƙasar da iri ya lalace a cikinta kuwa, a fitar da ita daga gida, kada yara su yi wasan ƙasa da ita.