Gocewar Kafaɗa: Wane Aiki Ya Fi Ƙarko?

Wani manomin shinkafa daga Kadawa ya aiko da wasiƙa, cewa kafaɗarsa tana gocewa in ya ɗaga buhu, shin wane aikin tiyata ya fi ƙarko?

To Malam, Allah ya sawwaƙe. Idan jijiya kaɗai ta yage, likita kan ɗinke ta a bakin gurbin kafaɗa, aikin da ake kira Bankart. Amma idan gocewar ta yawaita har ƙashin gurbin ya zaizaye, ɗinki ba ya wadatarwa, sai a yanko ɗan ƙashi da jijiyarsa a dasa a gaban gurbin, watau Latarjet, wanda alal haƙiƙa shi ya fi ƙarko a wannan hali. Hoto ne zai fayyace, don haka a garzaya Asibitin Ƙashi na Dala, a kuma dakata da ɗaukar buhu.