Bashi da Takardar Wakilci

Shekarun nan sun yi wa ƙasarmu nauyi. Tun gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kamar 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har kisan da aka yi a ƙasar nan cikin Janairu 2022, da kuɗin fansa, da harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka, gidaje da yawa daga Gwashi har Gummi sun ci bashin da ba su taɓa tsammani ba. Wanda ya ci bashi domin ya fanshi ɗansa ba ya da abin kunya. Amma ranar biya tana zuwa, a ranar nan kuwa akan miƙa wa mutum wata takarda, a ce ya dangwala yatsa. A kan wannan takarda ne darasinmu na yau.

A ce wani manomi ya ranci naira dubu 500. Kaka ta yi, hatsi bai kai ba. Mai bashi ya zo da fara'a, ya ce ya yarda a biya shi kaɗan kaɗan har shekara uku, sai dai a ba shi wakilci bisa gonar, "domin tsari kawai." Manomi ya ji daɗi, gama an ɗaga masa ƙafa. Me ya bayar ke nan?

Takardar wakilci, wadda lauyoyi ke kira power of attorney, ita ce takardar da mutum ke cewa a cikinta, wane ya zama hannuna da bakina. Abin da wakili ya yi cikin iyakar takardar, shari'a tana lissafta shi kai ka yi. Kadan an rubuta cewa yana da iko ya ba da haya, ya karɓi kuɗi, ya sayar, to, ran da ya sayar, kai ka sayar, ko kana kwance a gida ba ka da labari. Gaskiya ne Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke a 1993, cikin shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar wakilci ita kaɗai ba ta mai da gona ta zama ta wakili. Kada wannan ya kwantar maka da rai. Ba ta ba shi gonar ba, amma ta ba shi mabuɗin da zai miƙa ta ga wani.

Ga kuma abin da ya fi wannan tsanani. Wakilci na yau da kullum kana iya janye shi sa'anda ka ga dama, yana kuwa mutuwa tare da kai. Amma wanda aka bayar saboda bashi, aka rubuta a ciki cewa ba ya janyuwa, wannan yana tsaye muddin bashin yana nan. Ba ka iya warware shi, mutuwarka ma ba ta warware shi. Matarka da marayunka su za su same shi yana jiransu. Kalma ɗaya ce cikin Turanci, mai karanta maka yana iya tsallake ta da numfashi guda.

Kakanninmu sun san jingina, kuma jingina ta fi wannan tausayi. Mai kuɗi ya riƙe gona, ya noma, ran da aka kawo kuɗinsa ya sake ta, ko bayan shekara 30, ko a hannun jika. Kotunan ƙasar nan sun tabbatar da wannan al'ada: jingina ba ta rikiɗa ta zama ciniki don daɗewa. Ni a ganina, wanda ya ƙi jingina a gaban mai gari da shaidu, ya nace sai wakilci mai ikon sayarwa, ba kuɗinsa kaɗai yake nema ba. Ba na cewa kowane mai bashi mugu ne. Waɗansu tsoro ne ke sa su, gama su ma an cuce su a baya. Amma ko shi mai gaskiya ne, takardar ba ta san halinsa ba. Kadan shi ma bashi ya matsa masa gobe, gonarka ce mafi kusa da hannunsa.

Banki kuma yana da irin nasa. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sa tsarin da ake kira GSI: mai karɓar rance yana sa hannu cewa kadan ya kasa biya, bankin yana da izini ya ɗebi kuɗi daga kowane asusu nasa a wani banki, ta lambarsa ta BVN. Amma duba, har wannan yana da iyaka: uwar kuɗi da ruwan da ya taru kaɗai ake ɗiba, ban da tarar jinkiri. Kadan an yi wa banki iyaka, don me za ka ba maƙwabcinka iko marar iyaka?

To, kadan an miƙo maka takarda, kada ka dangwala a ranar. Ka ce, "Bari in kwana da ita." Kai ta wurin wani mai karatu wanda ba ya da rabo cikin zancen, ba ɗan mai bashi ba, ba magatakardansa ba, ya karanta maka da Hausa layi layi. Akwai doka tun zamanin Turawa mai kare marasa karatu: wanda ya rubuta takarda a madadinsu lalle ya sa sunansa da mazauninsa, shaida ce cewa an karanta musu an bayyana kafin su dangwala. Takardar da ba ta da wannan, ka tambayi dalili. Ka sani kuma, bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gonar ƙauye ba ta fita daga hannu zuwa hannu sai da yardar ƙaramar hukuma, filin da ke da takardar Gwamna kuwa sai da yardar Gwamna. Gonar gandu da ba a raba ba, ba taka ba ce kai kaɗai har da za ka wakilta wani a kanta; ƙannenka mata suna da rabo a ciki.

Kadan ba makawa sai an yi wakilci, a ƙuntata shi. A rubuta wace gona, daga ina zuwa ina. A rubuta cewa ikon na karɓar amfani ne, ban da sayarwa. A rubuta adadin bashin, da ranar da ikon zai ƙare. Kowane buhu da ya karɓa a rage shi daga bashin, a rubuta a gaban shaidu biyu. Ka riƙe kwafi naka.

Kada wani ya ji wannan darasi ya ce an ba shi hanyar gudun biya. Mai bi ba ya ɓuya sa'anda mai bashi ya yi sallama, ba ya kuma aiko yaro ya ce baba ba ya nan. Ka fita, ka faɗa masa abin da kake iyawa, ka cika shi ko da kwano goma ne. Sa'anda ka biya na ƙarshe, ka karɓi takardar da hannunka, a rubuta janyewa, a sanar da mai gari da dukan wanda aka taɓa nuna wa ita.