Yadda Ake Lissafa Kuzarin Haske

Kowa ya san irin ranar da ake yi a Yola da Jimeta cikin watan Maris da Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi kan wuce 40, Binuwai ta janye ta bar yashi fari fat. Atamfar da ake shanyawa kullum a wannan rana ba ta daɗewa sai ta koɗe. Amma igiyoyin rediyo suna ratsa ɗakunanmu dare da rana, ba su taɓa koɗar da ko zare guda ba, alhali kuwa masana sun ce su da haske 'yan ɗaki ɗaya ne. To, ina dalili? Lissafi ne zai gaya mana.

Cikin 1900 wani Bajamushe, Max Planck, ya nuna cewa kuzari, watau ikon yin aiki, ba ya fita daga abu mai zafi kamar ruwa daga buta, sai dai ƙwaya ƙwaya. Cikin 1905 Albert Einstein ya ce haske kansa ma haka yake. Ƙwayar nan ita ake kira foton. Kuzarin kowace foton kuwa yana bisa ga tsawon zangonta ne. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. To, shi ne dai, watau nisan da ke tsakanin kan wata igiya da kan mai bi mata, kamar yadda muke gani a bayan kwalekwale. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon yawan kuzari.

Ga ƙa'idar: E = hc/λ. E shi ne kuzari, da jul ake auna shi. h lambar Planck ce, 6.626 × 10⁻³⁴. c gudun haske ne, mita 2.998 × 10⁸ a daƙiƙa. λ kuwa tsawon zango ne, da mita.

Bari mu ɗauki jan haske mai zangon nanomita 680, irin wanda ganyen shinkafar bakin tafkin Geriyo ke sha ya yi abinci. A nan fa, 'yan'uwana malaman gobe, sai ku sa wa yaranku ido, gama wurin nan ne suka fi faɗuwa. Nanomita ba mita ba ce, kashi ɗaya ce cikin miliyan dubu na mita. Tilas a fara juya 680 ya zama 6.80 × 10⁻⁷. Sa'an nan h sau c ya ba mu 1.986 × 10⁻²⁵. A raba da 6.80 × 10⁻⁷, sai a sami jul 2.92 × 10⁻¹⁹. Wannan na foton guda ke nan.

Ba wanda ke sayen gero ƙwaya ƙwaya a kasuwar Jimeta, sai da mudu. Mudun masu kimiyya shi ne mol, kuma ba a yi masa tozo: ƙwayoyi 6.022 × 10²³ daidai, abin da ake kira lambar Avogadro. Saboda haka sai mu ninka 2.92 × 10⁻¹⁹ sau 6.022 × 10²³. Amsa ita ce wajen jul 176,000, watau kilojul 176 a kowane mol. Don a gane girmansa, wannan ya isa ya kai ruwan randa, fiye da rabin lita, har bakin tafasa.

Akwai gajeriyar hanya: a raba 119,600 da yawan nanomita, kilojul ya fito nan take. Ni dai a ganina kada a nuna wa yaro ita sai ya bi doguwar sau uku ko huɗu, don ya san inda lambar ta fito.

Yanzu mu koma ga atamfarmu. Shuɗin haske mai nanomita 450 yana da kilojul 266. Hasken nan da ido ba ya gani, wanda ke gaba da shuɗi, mai nanomita 300, yana da 399. Igiyar tashoshin FM kuwa, mai zangon kamar mita 3, mol ɗinta duka jul 0.04 ne kacal. Ɗaurin da ke haɗa ƙwayar kabon da 'yar'uwarta, irin wanda ke cike cikin rini da fatar mutum, yana bukatar wajen kilojul 350 a mol kafin ya tsinke. Kowane ɗauri kuwa foton guda ce ke bugunsa. Ka watsa wa tulu mudun gero, ba abin da zai same shi, amma dutse guda sai ya fasa shi. Ashe 399 ya isa, 176 bai isa ba, na rediyo kuwa ko a zance.

Hasken nan marar ganuwa shi ke ƙone fata, har ya jawo ciwon daji, musamman ga zabiya, wanda fatarsa ba ta da baƙin da ke tare shi. Malamin da ke da irin wannan yaro a ajinsa, kada ya tsai da shi a fili da tsakar rana. A bar shi ya sa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu.

Ga aiki: gishirin miya idan aka barbaɗa shi a harshen wuta yakan ba da rawayan haske mai nanomita 589. Ku lissafa kuzarin mol guda ta doguwar hanya. Wanda ya sami wajen kilojul 203 ya yi daidai.