Darasin Wannan Wata: Abin Da Mutum Kan Rasa In Ya Sauya Waya

 Darasinmu na wannan wata a kan wayar hannu yake. Duk shekara, da an yanke shinkafa a fadamun Argungu, Augie, Birnin Kebbi da Bunza, kuɗi kan shigo hannun manoma. Wani ya sayi babur, wani ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, wani kuma ya ce bari ya sauya waya. Sauya waya ba laifi ba ne. Amma mutane da yawa sai sun koma gida suke gane cewa lambobin abokan cinikinsu da tsofaffin saƙonninsu ba su biyo su ba. A wannan darasi za mu ga dalilin haka, da abin da ya kamata a yi tun kafin a miƙa kuɗi.

MANYAN WAYOYI GIDA BIYU NE

Kowace babbar waya mai shafawa tana da babbar manhaja a cikinta. Ita ce ke tafiyar da komai, kamar yadda direba ke tafiyar da mota. Irin waɗannan manhajoji guda biyu ne suka cika duniya.

Ta farko sunanta Android. Kamfanin Google na Amurka ne mai ita, kuma wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008. Manyan wayoyin Tecno, Itel, Infinix, Samsung da Redmi duk da ita suke aiki. Su ne suka fi yawa a hannun mutanenmu.

Ta biyu sunanta iOS. Kamfanin Apple ne mai ita, shi ma a Amurka yake. Ba a samun ta a kowace waya sai iPhone, wadda ta fara fitowa a 2007.

Wanda ya bar Tecno ya koma Infinix kamar ya sauya ɗaki ne a cikin gida ɗaya. Wanda ya bar Tecno ya koma iPhone kuwa, ƙaura ya yi zuwa wani gari. Mai ƙaura yakan ɗauki tabarmarsa da tukunyarsa, amma rijiyar gidan ba ta bin sa. Saboda haka mai hankali yakan zauna ya ƙidaya abin da zai iya ɗauka da abin da zai bari.

ABUBUWAN DA KE BIN KA

Mu fara da abin da ba ya ɓacewa, don hankali ya kwanta.

Na farko shi ne layinka. Lambarka tana jikin layi, ba a jikin waya ba. In ka zare shi ka sa a sabuwar waya, masu kiranka za su same ka. Layi abu ne mai daraja ga manomi. A shirin tallafin taki na gwamnatin tarayya da aka fara a 2012, ta saƙon waya ake sanar da manomi ya je ya karɓi rabonsa. Tun Disamba 2020 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta ce a haɗa kowane layi da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Don haka kada ka bar layinka a cikin wayar da ka sayar.

Na biyu shi ne kuɗinka na banki. Kuɗin suna banki, ba sa cikin waya. Abin da za ka yi shi ne ka sake sauke manhajar bankin a sabuwar waya, ka shigar da lambar sirrinka. Bankin zai turo wasu lambobi ta layinka don ya tabbatar kai ne.

Na uku su ne lambobin da ake dannawa. Tun 2023 duk kamfanonin layi lamba ɗaya suke amfani da ita. Ana duba kati da *310#, ana sayen data da *312#. Waɗannan suna aiki a Android da iPhone, har da ƙaramar waya mai maɓallai.

ABIN DA MAI BARIN ANDROID KE KEWA

1. Gurbin layi biyu. Yawancin wayoyin Tecno, Itel da Infinix suna ɗaukar layi biyu. Wannan yana da amfani a ƙauye, inda layin wannan kamfani ke kamawa a gida, na wancan kuma a gona. Yawancin iPhone gurbin layi ɗaya gare su. Layi na biyu sai dai wanda ake zuba wa waya ba tare da kati ba, ana ce masa eSIM, kuma sai an nema a wurin kamfanin layi. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, daga iPhone 14 ta 2022 zuwa sama, ba su da gurbin layi ko ɗaya. Duba gefen wayar da idonka kafin ka biya.

2. Katin memori. Mutane da yawa sun tara karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙoƙi da finafinan Hausa a memori. Babu iPhone mai gurbin memori. Wurin ajiyar da ta zo da shi, shi ke nan, ba a ƙarawa.

3. Rediyo. Wayoyin Tecno da Itel da yawa suna kama tashoshin FM kyauta. In ka sa iyafis, za ka ji Equity FM ta Birnin Kebbi ba tare da ka kashe ko kwabo ba. iPhone ba ta da irin wannan rediyo. Sai dai ka saurara ta intanet, kuma wannan data yake ci.

4. Ramin iyafis da caja. Tun daga iPhone 7 ta 2016 kamfanin Apple ya cire ramin iyafis. Haka kuma iPhone da suka fito kafin 2023 bakin cajarsu daban ne da na Android. In ka kai wa mai cajin waya na ƙauyenku, wataƙila ba shi da irin igiyar. Dole ka riƙa yawo da taka.

5. Tura abu ta Bluetooth. An saba a zauna a majalisa, wannan ya tura wa wancan waƙa ko hoto. iPhone ba ta karɓar hoto ko waƙa daga Tecno ta Bluetooth. Sai an bi ta wata manhaja, kamar Xender ko WhatsApp.

6. Alamar komawa baya. A ƙasan fuskar Android akwai alamar da ake taɓawa a koma baya. A iPhone babu ita a wurin. Sabon shiga yakan yi kwanaki yatsansa yana neman ta.

7. Sauƙin gyara. In gilashin Tecno ya fashe, mai gyara a Argungu ko Birnin Kebbi yakan samo wani nan da nan. Kayan gyaran iPhone sun fi tsada, kuma ba kowane mai gyara ke da su ba.

ABIN DA MAI BARIN IPHONE KE KEWA

Shi ma wanda ya bar iPhone ya koma Android yana da nasa rashin. Akwai FaceTime da iMessage, hanyoyin kira da saƙo da masu iPhone ke amfani da su tsakaninsu. Waɗannan ba sa bin sa. Ya kamata ma ya kashe iMessage kafin ya zare layinsa. In bai kashe ba, saƙonnin wasu masu iPhone za su iya maƙalewa, ba za su iso sabuwar wayarsa ba.

Akwai kuma maganar daɗewa. Kamfanin Apple yakan yi shekaru da yawa yana sabunta manhajar wayoyinsa. Wayoyin Android masu araha ba su cika samun haka ba. Shi ya sa iPhone ta fi riƙe kuɗinta in an zo sayarwa.

Abu na ƙarshe ya shafi kowa. Duk manhajar da ka saya da kuɗi a gida ɗaya, ba za ta bi ka ɗayan gidan ba. Sai ka sake saye.

MAGANAR WHATSAPP

Nan ne aka fi yin kuka. A ɗauka manomi ne ya ba dillali buhu 20 na shanshera bashi. Ba su rubuta takarda ba. Shaidarsu kawai ita ce saƙon murya da dillalin ya turo ta WhatsApp, inda ya faɗi farashi da ranar biya. Manomin ya sayar da Tecno ɗinsa, ya sayi iPhone, ya sa layinsa, ya buɗe WhatsApp. Zaurukan da yake ciki duk ga su nan, domin su lamba suke bi. Amma tsofaffin saƙonni babu ko ɗaya. In gardama ta tashi a kan farashi, da me zai kafa hujja?

Ga dalilin. WhatsApp na Android yana ajiye kwafin saƙonni a rumbun Google. Na iPhone kuma yana ajiyewa a rumbun Apple mai suna iCloud. Rumbunan biyu ba sa buɗe wa juna ƙofa.

Tun 2022 akwai hanyar kwashe saƙonni daga Android zuwa iPhone. Ana amfani da wata manhaja mai suna Move to iOS. Amma tana da sharuɗɗa. Dole wayoyin biyu su kasance a hannunka lokaci ɗaya. Dole a yi amfani da lambar nan dai da kake WhatsApp da ita. Dole kuma iPhone ɗin ta zama sabuwa, ko an goge ta tas ba a fara aiki da ita ba. Wanda ya riga ya sayar da tsohuwar wayarsa, damar ta wuce shi.

A kula da wani abu kuma. Tun 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s, iPhone 6 da iPhone 6 Plus. In an yi maka tayin irin waɗannan da araha, ka san dalilin arahar.

MAKULLIN GIDA

Kowane gida yana da makulli. Makullin Android shi ne adireshin Gmail da kalmar sirrinsa. Na iPhone ana ce masa Apple ID, shi ma da tasa kalmar sirrin. A nan mutanenmu da yawa ke yin sakaci. Ranar da aka sayi waya, yaron shago ne ke buɗe wa mutum Gmail. Shi ya zaɓi suna, shi ya zaɓi kalmar sirri, mai waya bai rubuta ko ɗaya ba. Bayan shekara biyu, ranar sauya waya, sai a nemi kalmar a rasa.

In lambobin mutanenka suna ajiye a Gmail, ka huta. Da ka shigar da adireshin a sabuwar waya, ko Android ce ko iPhone, za su fito. In kuwa a kan tsohuwar wayar kawai suke, sun tafi tare da ita. iPhone tana iya kwaso lambobin da ke kan layi, amma ba ta ajiye sababbi a kan layin.

Makullin nan yana da muhimmanci ga mai sayen waya ta hannu. In mai iPhone na farko bai cire Apple ID ɗinsa ba, wayar za ta iya kullewa, ta ce sai kalmar sirrinsa. Ko an goge ta, kullen yana nan. Android ma tana da irin wannan kulle. An yi shi ne don a hana ɓarayi cin moriyar wayar sata. Saboda haka kada ka sayi wayar da mai ita ya ce ya manta kalmar sirri. Kana iya asarar kuɗinka, kana kuma iya shiga hannun 'yan sanda.

ABIN YI KAFIN A SAUYA WAYA

1. Samo littafi. Rubuta adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirri, ka adana a gida inda kake ajiye takardun gona.
2. Rubuta lambobi 20 da suka fi muhimmanci a gare ka: iyali, dillali, mai taki, malamin gona, asibiti.
3. Duk bashin da shaidarsa ke cikin waya, mayar da shi kan takarda, a sa hannu gaban shaidu.
4. Kwashe hotuna da karatun da ke memori zuwa wurin da za ka same su.
5. Kada ka sayar da tsohuwar waya sai ka ga lambobinka da saƙonninka a sabuwar.
6. In ta hannu za ka saya, a goge ta a gabanka, a sa layinka, a yi kira. Sannan ka karɓi rasit mai sunan shago.
7. In mai shago ya taimake ka, ka sauya kalmar sirri daga baya. Lambar sirrin banki kuwa, kada ka faɗa wa kowa.
8. Kafin ka miƙa tsohuwar waya, zare layi da memori, cire adireshinka, sannan a goge komai.

Babu wadda muka ce ta fi wata. Kowa ya dubi buƙatarsa da aljihunsa. Mai zama inda wuta da layi ke wahala, ya yi tunani a kan batir, layi biyu da rediyo. Kun dai ga cewa matakai uku na farko duk da biro da takarda ake yin su. Wanda ya iya rubutu ba sai ya ba wani sirrinsa ba.

SABABBIN KALMOMI

Manhaja: tsarin da ke sa waya ta yi wani aiki.
Kalmar sirri: haruffa da lambobin da mai waya kaɗai ya kamata ya sani.
eSIM: layin da ake zuba wa waya ba tare da kati ba.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne manhajoji biyu ne ke tafiyar da manyan wayoyi?
2. Kawo abubuwa uku da ke bin mutum in ya sauya waya.
3. Me ya sa tsofaffin saƙonnin WhatsApp ba sa bin wanda ya bar Android ya koma iPhone?
4. Mene ne haɗarin sayen wayar da aka manta kalmar sirrinta?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya rubuta sunaye da lambobin mutum 10 daga wayarsa a littafinsa, ya kawo wa malamin aji ya duba. Mata masu karatu a gida su ma su yi, su nuna wa malamarsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu albarkar noma.