Yadda Ɗalibin Zane Mai Motsi Zai Ci Moriyar Dogon Hutu a Ƙauye

Idan aka rufe makaranta aka shiga dogon hutu, ɗalibin da ke koyon zane mai motsi a Zariya ko Kaduna yakan koma gida da damuwa guda: ya baro kwamfuta da intanet da wutar lantarki, saboda haka sai ya ɗauka koyo ya tsaya sai an koma aji. Wannan zato kuskure ne. Yaron da ya sauka a Nasarawan Doya ta ƙaramar hukumar Makarfi, ko wani ƙauye na Ikara ko Kudan, a tsakiyar damina, ya iso inda abin da sana'arsa ta fi bukata yake a wadace, wato jikin da ke aiki da nauyi. Kwamfuta tana jera zane ta kunna shi, amma ba za ta koya wa mutum yadda kafaɗa ke sauka idan fartanya ta shiga ƙasa ba. Ido ke fara koyon wannan, hannu ya biyo, sannan na'ura ta zo daga ƙarshe. A kan wannan jeri za a tsara aikin mako shida.

Kafin a ɗauki fensir, a fara da lissafi, domin shi ke nuna girman aikin. Fim yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma masu katun na hannu sun saba barin kowane zane ya tsaya sau biyu, ta yadda zane 12 ke cika daƙiƙa ɗaya. Ke nan rabin minti na fim zane 360 ne. Wanda ya san haka ba zai ɗauko labarin minti goma a hutu ɗaya ba. Kayan aikin kuwa ba su da tsada: littafi marar layi mai shiga aljihu, biro, fensir, rim ɗaya na farar takarda mai ganye 500, da ɗan katako da aka kafa wa ƙusa biyu a gefe guda. A huda kowace takarda daidai inda ƙusoshin suke, domin idan an ɗora wata a kan wata su zauna wuri ɗaya ba tare da gocewa ba. Gilashin taga da rana, ko fitilar waya a ƙarƙashin farar roba da dare, ya isa a hango zanen ƙasa ta cikin takardar sama.

Mataki na farko, wanda zai ci mako biyu, shi ne zanen sauri. Ɗalibi ya sa littafi a aljihu ya nemi inda rai ke motsi: bakin famfo, tashar mota, gefen gona lokacin da shanu ke jan garma, kasuwar Makarfi ranar da take ci. Kowane zane kada ya wuce minti ɗaya, kuma da biro za a yi shi, saboda biro ba ya goguwa, hannu zai daina shakka ya koyi yanke shawara. Ba a fara da ido ko hanci. Ana fara da layi ɗaya tak daga kai zuwa dunduniya, wanda ke nuna inda ƙashin baya ya karkata, sannan a tambayi kai wace ƙafa ce ke ɗauke da nauyi. Mai noma a sunkuye, mai tura baro, da mai ɗora damin rake a babur, kowane da nasa layin, kuma idan layin ya yi daidai za a gane aikin da mutum yake yi ko da ba a zana masa fuska ba. Shafi biyar a rana ya wadatar, muddin ba a tsallake rana ba. Akwai ladabi a nan da bai kamata a saɓa ba: ba a zana dattijo ko matar aure sai da izini, kuma ba a kafa wa mutum ido a bainar jama'a. Kaji da awaki da jakuna ba sa bukatar izini, kuma da yake ba sa tsayawa wuri ɗaya, su suka fi horar da hannu.

Dalilin dagewa a kan kallon abu da ido shi ne, abin da mutum yake zaton ya sani game da motsi sau da yawa ba haka yake ba. Shekaru aru-aru masu zane a Turai suna zana doki a guje da ƙafafu huɗu a miƙe, biyu gaba biyu baya, har sai da Eadweard Muybridge ya ɗauki jerin hotunan doki a Amurka a 1878, aka ga ashe lokacin da ƙafafun ke barin ƙasa gaba ɗaya a tattare suke ƙarƙashin ciki. Kamfanin Disney ma, duk da dukiyarsa, sai da ya kawo bareyi masu rai wurin aiki domin ma'aikatansa su yi ta kallo suna zanawa kafin fim ɗin Bambi ya fito a 1942. Abin da suka kashe kuɗi suka nemo, ɗan Nasarawan Doya yana da irinsa a bayan gida. Gani ya kori ji.

A nan ne tambayar addini take tasowa, kuma ba tambayar da za a kawar da kai daga gare ta ba ce. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan surantar da abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun yi bayani a kansu ta fuskoki daban-daban. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, haramcin ya tabbata ne a kan cikakkiyar sura mai jiki da inuwa, irin gunki, amma zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ba a kai shi matsayin haram ba, ko da yake an ƙi shi a wasu halaye. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka, wasu kuma sun sassauta idan don ilimantar da yara ne. Abin da ya dace shi ne ɗalibi ya je wurin malamin da ya yarda da iliminsa, ya bayyana masa ainihin abin da yake yi, ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Wanda ya zaɓi nisantar surar mai rai ƙofa ba ta rufe masa ba. Ibn Abbas ya nuna wa wani mai zane cewa ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai, kuma ganyen masara a cikin iska, ruwan indararo, hayaƙin murhu da tufafi a kan igiya duk suna koyar da nauyi da lokaci, har ma suna cikin abin da ya fi wuyar motsarwa a wannan sana'a.

Mataki na biyu, a mako na uku, shi ne koyon lokaci, kuma tsakar gida ta isa makaranta. A dubi mai daka da kyau. Taɓarya ba ta hawa da sauka da sauri iri ɗaya. Mai dakan takan ɗan durƙusa tukuna, ta ɗaga taɓaryar a hankali, jikinta ya miƙe, a can sama ta yi ɗan jinkiri kamar za ta tsaya, sannan ta faɗo da ƙarfi cikin turmi, gwiwoyi su lanƙwashe, hatsi ya yi tsalle, bakin mayafi ya biyo baya a makare. A kan takarda, ana fara da manyan zanuka uku: taɓarya a turmi, taɓarya a ƙololuwa, da lokacin bugu. Sai a cike tsakani: kamar zane shida na hawa, biyu na jinkirin sama, biyu kacal na faɗowa, biyu na girgizar bugu. Ga 12, ga daƙiƙa ɗaya. Ƙa'idar da ke ciki ita ce, inda zanuka suka matsu kusa da juna motsi yana tafiya a hankali, inda suka yi nisa da juna yana sauri. Idan aka raba tazarar daidai wa daida, taɓaryar za ta zama kamar ba ta da nauyi. Ƙwararrun wannan sana'a Frank Thomas da Ollie Johnston sun tattara irin waɗannan ƙa'idoji guda 12 a littafinsu na 1981, kuma aƙalla huɗu daga ciki, shirin motsi, tafiya a hankali a farko da ƙarshe, biyo bayan tufafi, da auna lokaci, suna cikin bugun taɓarya ɗaya. Don gwaji, a zana jerin a kusurwar tsohon littafi daga shafin ƙarshe zuwa gaba, a kaɗa shafukan da babban yatsa. Wanda ya ƙware sai ya gwada lugude, inda mata biyu ko uku ke karɓa-karɓa a turmi ɗaya.

Mataki na uku, a mako na huɗu, shi ne tafiya, wadda ita ce jarrabawar kowane mai wannan sana'a. Taku ɗaya na tafiyar yau da kullum yana cin kusan rabin daƙiƙa, kuma yana da matsayi huɗu: dunduniya ta taɓa ƙasa, jiki ya sauka nauyi ya hau ƙafar gaba, ƙafar baya ta wuce, jiki ya ɗaga kafin taku na gaba. Hannun dama yana tafiya tare da ƙafar hagu. Wannan kowa zai iya samunsa a littafi. Abin da littafin ba zai bayar ba shi ne bambancin tafiyar mutanenmu: yarinya mai talla da faranti a ka, wadda wuyanta ba ya motsi sai ƙugu ke karɓar girgiza, dattijo da babbar riga yana naɗe hannunta a kafaɗa, Bafulatani da sanda a wuya hannaye a rataye, manomi yana cire ƙafa daga taɓo. A zaɓi uku daga ciki a motsa su, kowace a zane 12.

Mataki na huɗu, mako biyun ƙarshe, na ƙaramin fim ne mai tsawon rabin minti. A nemi labarin wurin kaka da dare, domin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi gajeru ne, cike da aiki, kuma masu kallo sun riga sun san halin jarumin. A ɗauki gaɓa ɗaya kawai, misali Gizo yana sanɗa zai saci abinci. A raba takarda gida shida ko takwas a zana abin da za a gani a kowane gida, a nuna wa ƙanne ba tare da bayani ba. Idan ba su gane ba, a gyara tun a nan, kafin a ɓata takarda 360. Daga nan a ɗauki murya da waya, a auna tsawon kowace magana, a yi manyan zanuka, sannan na tsakani. Zane 30 a rana zai kammala aikin cikin kwana 12. Don ɗauka, a kafa waya a kan kwali mai rami tana kallon ƙasa, katakon ƙusa a ƙarƙashinta, a yi aikin a inuwa lokaci ɗaya na yini domin haske kada ya riƙa canzawa. Manhaja irin FlipaClip ko Stop Motion Studio za ta jera hotunan, kuma cajin waya ɗaya a shagon caji ya isa.

Wani zai ce damina lokacin gona ce, yaron da ya dawo gida hannu ake jira daga gare shi. Gaskiya ne, kuma bai kamata ya guje wa gona da sunan zane ba. Sa'a ɗaya bayan La'asar da 'yan mintoci lokacin hutun rana sun ishi zanen sauri, kuma wanda ya yi noma da jikinsa ya fi kowa sanin inda nauyin fartanya yake kama baya, sanin da zai fito a zanensa. Wani kuma zai ce me ya sa za a wahala da takarda alhali manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna fitar da katun cikin mintoci. Waɗannan manhajoji daga abin da aka riga aka zuba a intanet suke koyo, kuma lugude da huɗa da naɗin rawani kaɗan ne a can. Ko sun fitar da wani abu, sai mai ido ne zai gane taɓaryar ba ta da nauyi ya san abin da zai gyara. Na'urar tana ƙara wa mai sani sauri, amma ba ta ba marar sani ido.

Tarihi ma yana goyon bayan farawa da abin da ke hannu. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya fara ne da nuna wa jama'a surorin da ya yi da hannunsa da hasken fitila, kafin ya je Kanada ya haɗu da gwanin zane mai motsi Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun na kwaɗi, daga baya ya yi Kokoa a kan kokawar gargajiya, kuma ya daɗe yana aiki a Tawa, nesa da manyan birane. A Zariya kuma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, bisa ra'ayin cewa a karɓi dabarar da aka koya a aji a haɗa ta da abin da aka gada a gida.

Mataki na ƙarshe shi ne nunawa. A tara yaran unguwa a kunna musu fim ɗin a waya sau uku, a yi shiru a kalli fuskokinsu. Inda suka yi dariya ya yi. Inda suka tambayi me ya faru, a rubuta lambar zanen, a koma kansa. Sannan a sa kwanan wata a kowane littafi, a ajiye na makon farko kusa da na mako na shida, a tafi da su makaranta a nuna wa malami duka, har da waɗanda ba su yi kyau ba, domin a cikinsu ne zai ga abin da ya rage a koya. Yaran Hausawa suna kallon katun kullum a waya da talabijin, kuma kusan duk na waje ne. Wanda zai ba su nasu shi ne ɗalibin da ya kashe hutunsa yana kallon yadda mutanen garinsu suke tafiya da aiki, ya kuma zauna ya zana shi sau ɗari har hannunsa ya iya.