Ƙofar Mota Ta Ƙi Kulluwa? Kada Ka Yi Mata Ƙarfi

Malam direba, ƙurar hunturu da zafin bazarar Damagaram ba sa raga wa makullin mota, musamman na tsofaffin motocin da aka kawo daga Kwatano. Idan duk ƙofofi suka ƙi amsawa, fara canja batirin rimot, sannan ka duba fis. In ya ƙone, sa mai lamba ɗaya da shi. Kada ka ɗaura waya a madadinsa, gobara ce kake gayyatowa.

In ƙofa ɗaya ce, buɗe robar da ke tsakaninta da jikin mota. A nan wayoyi suka fi tsinkewa saboda yawan buɗewa da rufewa. Baƙin mai kuwa ƙura yake tarawa, kada ka zuba shi a makullin ƙofar.

Kafin a gyara, don Allah kada ka bar yaro a ciki.