Darasi Na 14: Yawon Buɗe Ido Cikin Ƙaramin Jirgin Ruwa

Jama'a, yau darasinmu a kan ruwa yake. Za mu ji labarin waɗansu matafiya masu shiga ƙananan jiragen ruwa, su bi bakin teku don su ga tsuntsaye da namun daji da yadda mutane ke zama. Sa'an nan mu dawo gida, mu duba Kogin Kano da Tafkin Tiga da dajin Falgore, mu ga abin da ya shafe mu cikin maganar.

Babban jirgi da ƙarami

Teku ruwa ne mai gishiri, ya fi ƙasa duka faɗi. Jiragen da ke kai mutane yawo a kansa iri biyu ne. Akwai manya, waɗanda ɗaya yakan ɗauki mutum fiye da 5,000, kamar gari guda yana tafiya bisa ruwa. Irin wannan jirgi ba ya tsayawa sai a babbar tasha mai zurfi. Akwai kuma ƙanana, masu ɗaukar mutum 100 ko 200, waɗansu ma ba su kai haka ba.

Ƙaramin jirgi shi ke shiga lungu. Yakan kutsa bakin kogi, ya ratsa tsakanin tsibirai, ya tsaya inda babu tasha sam. Idan ya tsaya, sai a sauko da kwalekwalen roba mai inji, mutum goma ko goma sha biyu su shiga, a kai su gaɓa. A cikin jirgin akwai malamai masu sanin tsuntsaye da dabbobi da tarihi. Da rana a fita a gani da ido, da dare a taru malami ya yi bayani. Watau jirgin masauki ne, makaranta ce kuma.

Mafarin abin

Wani mutumin ƙasar Suwidin mazaunin Amurka, sunansa Lars-Eric Lindblad, shi ya buɗe wannan hanya. A 1966 ya kwashi 'yan yawon buɗe ido ya kai su Antatika, ƙasar ƙanƙara da ke can ƙarshen duniya ta kudu. Babu gari ko gona a wurin. Abin da suka je gani shi ne ƙanƙara mai girman dutse, da wani tsuntsu da ake kira fengwin, wanda ke tafiya a tsaye kamar mutum, ba ya tashi sama, sai iyo.

A 1967 ya kai waɗansu tsibiran Galafagos, na ƙasar Ekwado a Amurka ta Kudu. Can akwai kunkuru wanda nauyinsa kan wuce buhu biyu na hatsi, yana kuma yin shekara fiye da 100 a duniya. A 1969 aka ƙera masa jirgi musamman don wannan aiki, mai ɗaukar mutum wajen 100.

Irin waɗannan jirage suna zuwa Afirka ta Yamma ma. A ƙasar Gine Bisau akwai tsibirai 88 da ake kira Bijagos. A ɗayansu akwai dorina mai shiga ruwan gishiri. A wani kuma kunkurun teku ne ke fitowa da dare dubbai, su haƙa rairayi su yi ƙwai. Mutanen wurin sun keɓe waɗansu tsibirai tun kaka da kakanni, al'adarsu ta hana a zauna a cikinsu, saboda haka dabbobin suka sami wurin hayayyafa. A 2025 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren gadon duniya. Ku lura, mutanen ƙauye ne suka tsare shi tun kafin wata hukuma ta zo.

Dokokin tafiyar

Da matafiya suka yi yawa, sai aka ga za su ɓata abin da suka zo gani. Don haka a 1991 masu jiragen Antatika suka kafa ƙungiya, suka yarda da waɗansu dokoki. Ga kaɗan daga ciki:

1. Kada mutum fiye da 100 su sauka a wuri ɗaya a lokaci ɗaya.
2. Jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 500 ba zai saukar da kowa ba.
3. Kowane mutum 20 sai da jagora ɗaya.
4. Kada a matsa kusa da tsuntsu fiye da mita 5, watau kamar taku bakwai.
5. Kada a ba dabba abinci, kada a ɗauki ƙwai ko gashi, kada a yar da shara.

Dalilin dokokin nan a fili yake. Tsuntsuwar da aka firgita takan tashi ta bar ƙwanta, sanyi ko wani tsuntsu ya hallaka shi. In aka yi haka bana, aka yi baɗi, wata shekara ba tsuntsu. In ba tsuntsu, ba baƙo. In ba baƙo, mai jirgi da jagora da mai dafa abinci duk sun rasa abin yi.

Namu ruwan

To, mu ba mu da teku. Amma muna da Kogin Kano, wanda ke gangarowa daga duwatsun kudu, ya ratsa ƙasar Doguwa da Tudun Wada. A zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1971 zuwa 1974, aka datse shi a Tiga, cikin ƙasar Bebeji. Tsawon madatsar ya kai wajen kilomita 6. Ruwan da ya taru a bayanta ya rufe fili mai murabba'in kilomita 178. Daga nan ake ba gonakin rani na Kadawa ruwa, daga nan kuma birnin Kano ke samun wani kashi na ruwan shansa.

Ruwan da ya wuce Tiga yakan haɗu da Kogin Challawa, su zama Kogin Haɗeja. Ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Tun da aka yi madatsar, ambaliyar da ke cika fadamun can ta ragu, masunta da makiyayan can sun ji a jikinsu. Wannan ya nuna mana kogi ɗaya ne ya ɗaure mu da mutanen da ba mu taɓa gani ba.

Kudu da tafkin ga dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, ana kiransa gandun dajin Kogin Kano. Cikin shekarun 1960 aka mai da shi wurin kiyaye namun daji. Faɗinsa kimanin hekta 92,000 ne, gefensa na arewa kuwa yana taɓa ruwan Tiga. Akwai doka da maje da kaɗanya da ɗorawa a ciki. A ƙasar Kiru kuma ga namu dajin na Ɗansoshiya.

Wanda ya shiga kwalekwale da sassafe ya bi gefen tafkin a hankali zai ga abin kallo. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa yana dakon kifi. Ga balbela tana bin shanun Fulani a mashaya. Ga masunta suna duba komarsu, suna fid da karfasa da tarwaɗa. Ga mata suna banda kifi a bakin gaɓa. Mu da muka saba, ba mu ɗauke shi komai ba. Amma irin wannan ne mutane ke biyan kuɗi mai yawa su ƙetare teku don su gani.

Tsuntsaye matafiya

Kowa ya san shamuwa. Tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙa a bishiyar cikin gari, in kaka ta yi ta tafi. Kudancin Afirka take komawa. Akwai kuma waɗanda ke zuwa bayan ta tafi. Su daga Turai suke, sanyi ne ke koro su. Sukan ƙetare teku da hamadar Sahara, su yi hunturu a fadamun ƙasarmu, su koma kafin ruwa ya sauka. Fadamun Haɗeja da Nguru sun yi suna a duniya saboda su.

A da mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. A 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, a ƙasar Jamus. Da aka duba sai ga mashi irin na Afirka soke a wuyansa. Da shi ya tashi tun daga nan har can. A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, sunansa Mortensen, ya soma sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe a ƙafa, da lamba da adireshi a jiki. Har yanzu ana yin haka.

To, ga amfanin karatu. Idan kuka tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ba tsafi ba ne. Ku karanta abin da ke jiki, ku rubuta lambar da ranar da sunan wurin, ku kai wa malamin daji. Da irin wannan rubutu ake gane hanyar tsuntsu.

Abin da ke iya salwanta

Ku tambayi dattawan Doguwa da Tudun Wada irin naman da ke Falgore suna yara. Za su lissafa muku gwanki da ɓauna da mazo da gada da mugun dawa. Yau da yawa cikinsu sun yi wuyar gani. Harbi ba ƙa'ida, da saran itace don gawayi, da cinna wa daji wuta da rani, su suka jawo haka. Wajen 2015 kuma ɓarayin shanu suka addabi dajin, har aka kai soja. Baƙo ba ya zuwa inda ba lafiya.

Saran itace ba dabbobi kaɗai yake cuta ba. Saiwar bishiya ita ke riƙe ƙasa. In aka sare itatuwan bakin kogi, ruwan sama sai ya kwashe ƙasar ya zuba cikin tafki. Tafkin ya riƙa cikewa da laka, ruwan da yake ɗauka ya ragu. Mai noman rani a Kadawa da masunci a Tiga duk abin ya shafe su. Haka kuma mai zuba guba a ruwa don kama kifi, ko mai koma mai ƙananan idanu wadda ke kwashe 'ya'yan kifi, abincin baɗi yake ci tun bana. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu dai ba mu san inda tokar daji ke kuɗi ba.

Lafiyar masu shiga jirgi

Jirgin nan da aka ƙera wa Lindblad ya yi shekara 38 yana aiki. Ran 23 ga Nuwamba 2007 ya yi karo da ƙanƙara kusa da Antatika, ya huje, ya nutse. Mutum 154 ke ciki, ba wanda ya mutu. An san yawansu a rubuce, kowa na da rigar ruwa, watau rigar da ke hana mutum nutsewa, akwai kuma ƙananan jiragen ceto da suka ishe su. Suna nan bisa ruwa har wani jirgi ya zo ya kwashe su.

Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani kwalekwale ya kife a madatsar Watari, a ƙasar Bagwai, nan jiharmu. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Allah ya jiƙansu. Hukuma ta ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Rai na Allah ne, amma an umarce mu da kiyayewa. Saboda haka:

A rubuta yawan mutanen da jirgi ke ɗauka a jikinsa, kada a ƙara ko ɗaya.
Kowa ya sa rigar ruwa, ko ya iya iyo.
Kada a tashi da dare, ko in hadari ya haɗu.
A ji maganar sarkin ruwa.

Wa zai zama jagora?

Baƙo yakan zo da kuɗi da madubin hangen nesa da littafi. Abin da ba shi da shi, shi ne sanin wuri. Masunci ya san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa. Maharbi ya san sawun kowace dabba. Bafulatani ya san ciyawa da mashaya. Tsohuwa ta san ganyen magani da yadda ake man kaɗe da daddawa. Wannan ilmi ne babba, amma in yana ka kawai, ranar da mai shi ya mutu ya tafi da shi.

Wanda ya haɗa sanin daji da karatu, shi ne jagora. Zai rubuta sunan baƙi da yawansu. Zai yi lissafin kuɗin mai da ladan matuƙi, ba mai cutarsa. Zai gaya wa baƙo al'adar gari: a fara gai da dagaci, kada a shiga gida ba sallama, kada a ɗauki hoton mace ko yaro sai an nemi izini. Zai kuma hana a kori tsuntsu daga sheƙa don a ɗauki hotonsa. Maharbin da ya kashe gwanki sau ɗaya zai sayar. Wanda ya bar shi da rai yana iya nuna shi ga baƙi shekara da shekaru.

Ko baƙo ya zo ko bai zo ba, ruwan da dajin namu ne, 'ya'yanmu za mu bar wa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙaramin jirgi ya fi babba amfani wajen ganin dabbobi?
2. A wace shekara aka gama madatsar Tiga?
3. Ina ruwan Kogin Kano ke zuwa bayan ya wuce Tiga?
4. Me za ka yi in ka tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa?
5. Yaya saran itacen bakin kogi ke cutar mai noman rani?
6. Jirgi na ɗaukar mutum 12. Mutum 30 suna jira a gaɓa. Sawu nawa zai yi?

Aikin gida

Kowa ya rubuta sunan tsuntsu biyar da kifi uku da ya sani. Sa'an nan ya je wurin wani dattijo, ya tambaye shi dabba ɗaya da ake gani a da wadda ba a gani yanzu, ya rubuta sunanta da wurin da ake ganinta. A zo da takardun ran aji mai zuwa, mu haɗa su wuri ɗaya su zama littafin garinmu.